Saƙon da Ya Zo da Muryar Marigayiya

Akwai wani matashi a nan Apia, babban birnin tsibiranmu, mai suna Simanu, ɗan autan Dattijo Pouniu, tsohon da ya daɗe yana magana da yawun ƙauyensu a gaban sarakuna. Simanu ya yi 'yan shekaru a Sydney yana karatun kasuwanci. Ya dawo da baƙin gilashi, da takalmi sau-ciki a wannan zafin namu, da wata magana ta hanci wadda sai ka ce ya maimaita. Ni da nake rubuta muku wannan, na gan shi da idona yana share benci da hankici kafin ya zauna a shagon yayarsa.

Yayar tasa, Telesia, tana da shagon kayan masarufi kusa da tashar motoci. 'Yan'uwanmu da ke aiki a ƙasashen waje, a biranen Auckland da Brisbane, sukan kira ta a waya, su ce a ba tsohuwa buhun shinkafa da katan ɗin cinyoyin kaza da naman gwangwani na girkin Lahadi. Su turo kuɗi, ita kuma ta ɗora kayan a bas.

Da yawansu ba su taɓa ganin fuskarta ba. Abin da suka sani kawai 'yar Pouniu ce, kuma a tsibiran nan ba a taɓa kama Pouniu da ƙarya ba.

Simanu ya kalli yayarsa da waya a kunne, gumi na zuba, ya girgiza kai.

"Yaya, wannan wahala ce kike sha kike kiranta kasuwanci. Ki bar ni in nuna miki yadda duniya ke yi."

Ya haɗa manhaja ya raɗa mata suna Kwandon Gida. Gaskiya ɗaya ce, manhajar ta yi kyau. Mutum na zaune a Auckland zai danna, kafin yamma kaya sun isa ƙofar uwarsa. Amma Simanu ya san babu wanda zai miƙa wa baƙin gilashinsa albashi, don haka ya je wurin mahaifinsa neman hoto.

"Me za ka yi da hotona?" in ji tsohon.

"A fuskar manhajar zan sa, Baba. Da sandarka da izgarka na tsayawa gaban taro. Mutane na gani za su yarda."

Pouniu ya dube shi. "To, in sun yarda saboda ni, duk abin da ka yi musu ni na yi musu. Kana ji na?"

"Na ji, Baba," ya amsa, babban yatsansa na ta yawo a kan waya.

Abin da ya ɗaga Kwandon Gida ba daga kan Simanu ya fito ba, ko da yake shi ya riƙa karɓar tafi. Telesia ce ta saba, duk tsohon da ya zo karɓar kaya, ko aka kai masa, sai a kara masa waya a baki ya yi wa ɗansa godiya ya sa masa albarka. Ɗan yana can a masana'anta lokacin hutun cin abinci, ya saurara, ya juya baya ya share ido. Wanda ya ji muryar uwarsa sau ɗaya sai ya sake aikowa.

Ba a jima ba wasu masu zuba jari daga Sydney suka shigo. Aka kama ofis mai na'urar sanyaya ɗaki a saman bene. Simanu ya daina zuwa shagon, wai ƙarnin kifin gwangwani na kama masa riga.

Sai abin ya tsaya cak. Duk wanda zai sauke manhajar ya riga ya sauke, don mu ba yawa ne da mu ba. Masu jari kuwa ba su san wata kalma ba sai ƙari.

Ku da ke waje kun fi ni sanin halin da ake ciki. Waya ba ta ƙara sai da buƙata. Yau rasuwa, gobe biki, jibi rufin coci, ga kuɗin makarantar 'ya'yan ƙanin baba. Mutum ya dawo daga aiki ƙafa a kumbure, yana tsoron duba wayarsa. A kan wannan ne gogan naku ya ɗora nasa kayan. Saƙo da safe, saƙo da rana, saƙo kafin coci, saƙo bayan coci. Ranar iyaye mata, ranar iyaye maza, Lahadin yara, har da wata ranar kakanni da ya ƙirƙira a ofishinsa.

Mutane suka yi abin da duk mai hankali zai yi, suka toshe saƙonnin manhajar.

Telesia ta hau benen ta same shi yana zagaye da kujera mai juyi.

"Mutane sun gaji, Simanu. Ka bar su su sha iska. Wanda zai aiko ya san inda muke."

Ya yi dariya. "Gajiya? Yaya, ke dai awon sukari kika iya. Wanda ya toshe saƙo ba gajiya ya yi ba, saƙon ne bai taɓa masa zuciya ba."

"Da bakin nan kake min magana?"

"Ki yi haƙuri, amma gaskiya ce. Mutanenmu za su iya ce wa kamfani a'a. Ko Fasto ma sukan yi masa kwana. Amma nuna min ɗan tsibirin nan ɗaya da zai ce wa uwarsa a'a. Wannan ita ce dukiyar da muke zaune a kanta ba mu sani ba."

Ta ɗauka surutunsa ne na kullum, ta sauko ta koma shago.

Shi kuwa ya hau jirgi zuwa Sydney, ya ƙulla da wani kamfani mai injin kwaikwayon murya. Injin in ya saurari mutum na ɗan lokaci, sai ya iya faɗin komai da muryarsa, har da tarinsa da jan numfashinsa. Simanu ya kwashe duk albarkar da tsofaffinmu suka sa wa 'ya'yansu ya zuba a ciki. Ya kuma sauya hanya, ta yadda saƙon zai faɗa kai tsaye cikin akwatin saƙonnin waya, ko ka toshe manhaja ko ba ka toshe ba. A can ƙasa ya sa wani ɗan rubutu mai cewa tunatarwa ce daga Kwandon Gida, ƙanƙane ƙwarai, don dai in an tambaye shi ya ce ai ya rubuta.

Ciniki ya tashi. Simanu ya sayi sabuwar mota, ya fara ba da lacca a taruka kan yadda ake farfaɗo da kasuwa.

Telesia ta fara ganin abin da ya ɗaure mata kai. Tsofaffi na zuwa karɓar kaya suna cewa, "Ni fa ban ce a aiko ba, 'yar nan. Wancan buhun ma ban buɗe ba." Da ta tsare ƙanin nata, ko kunya bai ji ba. Da alfahari ya kunna mata muryar wata tsohuwa da ta sani tana roƙon ɗanta man girki.

Ta ce, "Simanu, wannan ƙarya ce ka sa a bakin iyayen mutane. Yau Baba zai ji."

"Haba Yaya, da hawan jininsa? Gwaji ne kawai. Ƙarshen wata zan cire."

Ta yarda, saboda tsoron abin da labarin zai yi wa tsohon. Wata ya ƙare, wani ya kama, bai cire komai ba.

A can tsibirin Savaii kuwa, hayin teku, akwai wata tsohuwa mai suna Malaea. Tana da gonar gwazarta da 'yan kajinta, kuma ba ta taɓa buɗe baki ta roƙi ɗanta ko ashana ba. Ɗan nata, Etuale, yana aiki a wata mayankar shanu a bayan Brisbane, da mata da 'ya'ya da kuɗin haya a wuyansa. Shi yakan aiko mata da kansa idan ya samu sarari.

Sai ga saƙo da muryar uwarsa, wai sukari ya ƙare. Ya aika. Bayan 'yan kwanaki, wai babu sabulu. Ya aika. Sai kaza, sai gari, sai kananzir. Etuale ya fara karɓar aikin ƙarin lokaci, yana tsayuwa a ɗakin sanyi har yatsunsa su daina jin wuƙa.

A hankali wani abu ya shiga ransa wanda yake jin kunyar faɗa ko ga matarsa. Ya fara jin haushin uwarsa. Idan lambarta ta fito a waya, kira na gaske daga hannunta, sai ya zuba wa wayar ido har ta katse. Ya ce a ransa zai kira idan an biya albashi, don kada ta roƙa ya rasa abin cewa.

Ta kira, ta sake kira, ta kuma kira. Ba roƙo za ta yi ba. Ciwon ƙirji ne ya kwantar da ita, tana so ta ji muryar ɗanta. Kiran da Etuale ya ɗauka a ƙarshe na kawunsa Uelese ne, wan Malaea kuma shugaban danginsu, yana ce masa ya nemi jirgi.

Ranar jana'iza da safe, dangi na zaune kewaye da gawar, matan coci sun ɗan tsagaita da waƙa, sai wayar Etuale ta yi ƙara. Ya duba ya ga saƙon murya da sunan uwarsa. Ya ɗauka wani tsohon saƙo ne da ya maƙale a hanya. Ya ce, "Kawu, ga maganarta ta ƙarshe. Bari kowa ya ji."

Ya ƙara sauti. Muryar Malaea ta cika ɗakin, ga ta kuma kwance a gabansu cikin farar riga.

"Etuale ɗana, kwana biyu shiru. Ko ka manta da tsohuwar taka ne? Sukari ya ƙare, ga shi an ce kaza ta yi sauƙi a Kwandon Gida wannan makon."

Uelese ya ce a hankali, "Yaushe ta faɗi wannan?"

Etuale ya duba. "Yau aka turo, Kawu."

"Sukari kuma? Shiga ɗakin ajiyarta ka gani. Buhu a kan buhu, har maƙwabta take raba wa. Kullum abin da take ce min, yaron nan me na yi masa, yana ta aiko da kaya amma ba ya ɗaukar wayata?"

Etuale ya kifa kansa a ƙafafun gawar. Waɗanda suka halarta sun ce kukan da ya yi bai yi kama da na jana'iza ba, kuma babu wanda ya iya ce masa ya yi haƙuri.

Kafin a rufe kabarin labari ya tsallaka teku. Daga Auckland har Brisbane mutane suka shiga kiran iyayensu suna tambaya, "Mama, ke kika ce in aiko da mai?" Amsar duk iri ɗaya ce.

Ku ji abin da mai ilimin Sydney ya yi. Ya aika wa Etuale rubutaccen saƙo, wai Kwandon Gida na baƙin cikin damuwar da aka samu, kuma za a kai masa kayan zaman makoki kyauta ba kuɗin mota. A ganinsa magana ta ƙare.

Samarin dangin Malaea suka so hawa jirgin ruwa su zo su cinna wa shagon Telesia wuta. Uelese ya hana su. Ya aika wa Pouniu magana guda ta bakin wani direban bas: "Hotonka ne a kan abin."

Da Telesia ta zayyana wa mahaifinta komai tana kuka, tsohon bai yi faɗa ba. Ya tara dangi ya ce ifoga za a yi. Kowa a nan ya san ta. Idan laifi ya fi ƙarfin baki, mai laifi da shugaban danginsa kan je ƙofar waɗanda aka ɓata wa tun asuba, su zauna a ƙasa, a lulluɓe su da tabarmar alfarma da aka gada daga kakanni. Ba magana, ba ruwa, ba tashi, sai masu gida sun fito sun ɗaga tabarmar da hannunsu. In sun ɗaga, an yafe.

"Baba, a wannan zamanin?" in ji Simanu. "Muna da lauya fa."

"Lauyan ne ya ba ka hotonsa?" in ji tsohon.

Idon Simanu ya ɗan yi haske. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiyarka ne, Baba. Zan zauna." Telesia har ta gode wa Allah a ranta, ta ɗauka ƙanin nata ya dawo hayyacinsa.

Ba nadama ce ta kama shi ba, dabara ce ta faɗo masa. Mutane na ta goge manhajar, masu jari na kiransa ba dare ba rana. Sai ya tuna babu abin da ke karya zuciyar ɗan tsibirin nan kamar ganin dattijo a ƙarƙashin tabarma. In mutanen waje suka kalli Pouniu zaune a rana, ai sai su dawo da kuka. Ya shirya komai ba tare da ya gaya wa kowa ba. Zai maƙala waya a gilashin gaban motarsa, ta fara watsa bidiyo kai tsaye idan rana ta ɗaga, injin kuma ya sanar da duk masu hulɗa da kamfanin.

Suka tsallaka da jirgin ruwa na yamma, har da motar, suka kwana wurin 'yan'uwa. Da asuba suka isa gidan Malaea. Simanu ya gyara tsayuwar motar har sau biyu don ta fuskanci gidan, ya kulle, ya soke makullin a ƙugu. Aka lulluɓe uba da ɗa, kowa da tabarmarsa, sauran dangi suka zauna a baya kai a sunkuye. Ga sabon kabarin Malaea a gefensu, don mu a ƙofar gida muke binne namu, furannin da ke kansa ba su gama bushewa ba.

Gari ya waye, rana ta fara cizo. A cikin zauren, dangin Malaea na shawara. Etuale ya ce shi dai a bar su su gasu.

"Ɗana, na san abin da ke cinka," in ji Uelese. "Amma wancan tsohon da ke zaune, shi ya sasanta kakanka da mutanen gabas kan rigimar fili. Bai san komai a kan wannan abin ba, ya kuma kawo kansa. In ya faɗi a ƙofarmu, mu za a zaga."

Fasto ya sa baki, matan gida suka sa baki. Daga ƙarshe Etuale ya gyaɗa kai. Uelese ya dafa sandarsa ya miƙe, ya gyara ɗaurin zaninsa zai fita ya ɗaga tabarmin.

A daidai nan wayoyi suka ɗauki ƙara. Ta Etuale, ta Fasto, ta Uelese da ke soke a ƙugunsa, har da 'yar tsohuwar wayar Malaea da aka ajiye a kan akwatinta. Injin da Simanu ya gina don kada kowa ya tsere wa saƙonsa bai ware gidan makoki ba.

Etuale ya karanta a fili: "Kai tsaye: kalli yadda Kwandon Gida ke neman gafara bisa al'ada. Danna nan."

Ya danna. Ga gidansu a cikin waya, ga kabarin uwarsa, ga tabarmi biyu a tsakar rana, ga tambarin kamfani a kusurwa.

Uelese ya kalla, ya koma ya zauna a inda ya tashi. "A sauke asabari," kawai ya ce. Aka sauke asabarin ganyen kwakwa ta kowane gefe har zauren ya rufe ruf.

A waje wayar Telesia ma ta yi ƙara. Da ta gani sai ta tashi daga layin dangi, abin da ba a yi a wurin ifoga, ta nufi motar. Ta ja ƙofa ta ji a kulle. Ta cire mayafinta ta shimfiɗa a kan gilashin, ta tsaya ta danne shi da hannu biyu don kada iska ta ɗauke.

Simanu kuwa, a ƙarƙashin tabarmar da kakanninsa suka gada, wata wayar ce a hannunsa yana kallon yawan masu kallo na hawa. Bai taɓa tara jama'a haka ba, har murmushi yake yi. Da hoton ya rufe sai ya yi tsaki.

"Wane ne wannan ya tare min?"

Daga tabarmar da ke gefensa muryar tsohon ta fito a shaƙe. "Me aka tare maka?"

Simanu ya yi sauri ya kife wayar.

"Simanu, me ka yi?"

"Baba, mutane ne ke kallo. Kowa tausayinka yake ji. Wannan zai gyara komai, za ka gani."

Pouniu ya gyara zama a ƙarƙashin tabarmarsa.

Rana ta take tsaka, ta fara karkata. Ƙasa ta yi zafin da ko kare ba ya kwanciya a kai. Dangi a baya suka ga tabarmar tsohon na jirkicewa gefe, ta miƙe, ta sake jirkicewa. Sai asabari ɗaya ya ɗaga, Uelese ya fito shi kaɗai. Ya wuce Simanu kamar babu kowa a wurin, ya sunkuya ya ɗaga tabarmar Pouniu.

"Tashi, ɗan'uwa. Ba kai muka bari a rana ba."

Sai da mutum biyu suka tallafa masa kafin ya iya miƙewa. Aka shigar da shi, aka fasa masa ɗanyar kwakwa. Da numfashinsa ya dawo, ya sa aka ɗauko masa sandarsa da izgarsa, waɗanda ya yi shekaru yana tsayawa da su a gaban taro. Ya ajiye su a gaban Uelese.

"Na zo roƙa wa ɗana gafara, ashe da ni ya zo talla. Na yi masa magana bai ji ba. Ba zan ƙara tsayawa in yi magana da yawun gari ba."

Uelese ya roƙe shi ya ɗauka, Fasto ya roƙe shi. Tsohon ya ƙi.

Can Etuale ya fito ya tsaya a kan ɗaya tabarmar. Bai taɓa ta ba.

"Abu ɗaya nake so. Ka goge muryar uwata."

Daga ƙarƙashi aka amsa masa: "Ɗan'uwa, abin ba a hannuna yake ba. Yana wurin kamfanin can na waje, akwai yarjejeniya. Amma zan rubuta musu."

Etuale ya juya ya koma ciki.

Dangi suka watse ɗaya bayan ɗaya. Yara suka dawo daga makaranta suka wuce, aladu suka zo suka shinshina suka tafi. Da la'asar ta yi sanyi, Simanu ya leƙo, ya ga babu mai zuwa, ya sa hannu ya ɗaga wa kansa tabarmar. Tsofaffin ƙauyen sun ce tun da aka haife su ba su taɓa ganin wanda ya yafe wa kansa a ƙofar mutane ba sai ranar.

Waɗanda suka kalli bidiyon ba su dawo da kuka ba. Sun gane abin da aka yi da tsohon, suka goge manhajar, suka sa 'yan'uwansu suka goge. Masu jari suka janye. Simanu ya sayar da motar ya koma Sydney, inda nake jin har yanzu yana gaya wa mutane wai kasuwar tsibiri ce ba ta waye ba.

Telesia ta koma shagonta. Watanni aka yi tana zaune tana korar ƙuda. Daga baya ta buɗe wani ɗan shafi mai sauƙi, ba hoton kowa a kai, ta kuma yi alkawarin ba za ta taɓa aika wa mutum saƙo ba sai shi ya fara nema. Wanda ke son jin muryar uwarsa, takan ce masa ya kira ta da kansa. Mutane suka riƙa dawowa da ɗai-ɗai, kowa ya jawo wani. Yanzu har ta kama shagon da ke kusa da nata. Etuale ma ta wurinta yake aika wa kawunsa kaya.

Pouniu ya koma zaman gida, ba ya zuwa taro. Ana gab da Kirsimeti wayar Telesia ta yi ƙara tana yi masa fifita. Simanu ne. Ta kara wa tsohon a kunne.

"Baba, ni ne. Na kasa barci tun ranar. Na ci amanarka, na zubar maka da mutunci. Don Allah ka yafe min, Baba."

Yana magana yana kuka, kuma mai yiwuwa wannan karon da gaske yake. Tsohon ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba. Sannan ya janye kansa daga wayar ya dubi 'yarsa.

"Telesia, shi ne, ko injin nan nasa ne?"

"Shi ne, Baba."

"Ta yaya kika sani?"

Ta zuba wa wayar ido. Tsohon ya juya fuskarsa ga bango, wayar na hannunta, muryar na ta kiran Baba.

Darasi: Idan mutane suka gaji da kai, ka rage surutu ka gyara aikinka, kada ka nemi hanyar kutsawa cikin zukatansu ta ƙarya. Duk cinikin da aka haɓaka da yaudara, ranar da asiri ya tonu ko gaskiyarka ba za a ƙara karɓa ba, har a gidanku. Ku tura wa duk wani mai kasuwanci a waya da kuka sani, sannan wanda iyayensa ke raye ya ɗauki kiransu tun yana jin muryarsu ta gaske.